Amsa: Ko fasahar AI za ta faɗa maka ranar sarin kaya?

Alhaji, ka tambaya ko AI, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon basirar ɗan Adam, za ta iya faɗa maka lokacin sarin shinkafa da sukari a shagonka na Agege. Za ta taimaka, amma sai ka ba ta lissafin cinikin kowace rana na aƙalla shekara biyu a Excel (manhajar jera lissafi a kwamfuta), tare da ranar da ka yi oda da ranar da kayan suka iso.

Inda aka fi yin ɓarna: ranar da kaya suka ƙare, kada ka rubuta sifili. Rubuta "babu kaya", in ba haka ba manhajar za ta ɗauka ba a nema, ta rage maka oda.

Misali, buhu 20 ke fita kullum, mota na ɗaukar kwana 7: buhu 140 ke nan, ka ƙara 40 na ko-ta-kwana, ka yi oda da zarar sito ya sauko 180. In kayan daga Apapa suke, wato tashar jiragen ruwa ta Legas, ko lokacin damina ne, ƙara na ko-ta-kwanan, don mota na iya yin jinkiri. Ka kuma shigar da ranakun azumi da hannunka, don yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.