Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan sandarewar hannu a kayak (ƙaramin kwalekwale), ni ma na sha wannan azabar

Salam ɗan'uwa. Wallahi ina gama karanta tambayarka sai da na kalli yatsuna. Wai minti ashirin da shiga ruwa yatsu sun daina jin filafili, ka sayi safar hannu har kala biyu duk a banza, kuma kana jin nauyin faɗa wa 'yan kulob ɗinku kar a ce baƙon nan rago ne. To ni ne nan sak a shekarun baya, har kunyar ma iri ɗaya. Ka yi haƙuri zan ɗan ja ka da nisa, abin har yau yana min ciwo.

Hunturuna na biyu a Gilasgo ta Scotland ne, watan Janairu, muka tafi tafkin Lomond mu bakwai. Muka sauke kwalekwale a ƙauyen Luss da nufin mu ratsa ta matsatsin da ke tsakanin tsibiran Inchtavannach da Inchconnachan, tsibirin nan mai walabi, ƙananan dangin kangaru, ni dai ko wutsiyar ɗaya ban gani ba, mu dawo kafin duhu, ka san a wannan watan huɗu da 'yan mintuna rana ta tafi. Mutumin da ya ba mu hayar kaya shi ne kuma jagoran tafiyar. Tun a wurin ajiye motoci na nuna masa safar da na zo da ita, ta ulu mai kauri wadda nake sawa in je lakca, na ce masa wannan za ta yi? Ya kalle ta ya yi wata 'yar dariya ya ce in ka fara tuƙi za ka ji ɗumi. Iyakar abin da ya ce ke nan. Shi kuwa gogan naka fogi ne, wata jakar zura hannu mai tare sanyi, maƙale a filafilinsa, kuma daga baya da idona na ga wasu guda biyu a cikin bokiti a bayan motarsa, suna zaune ba mai amfani da su. Kuɗina ya karɓa cif, bai rage min ko kwabo ba.

Ko minti goma ba a yi ba safar ta jiƙe sharkaf, don duk ɗagawar filafili ruwa yana gangarowa ta sandar ya sauka a hannu, ga sandar ta alminiyom ce, kamar ka riƙe ƙarfen da aka ciro daga firiza. Na cire safar na cusa a aljihu na ci gaba hannu tsirara, ina ta maza. Da farko zafi ne kamar ana soka allura a ƙarƙashin farce. Can sai zafin ya ɗauke, ni a wautata na ce alhamdulillahi hannu ya saba. Ashe mutuwa ya yi.

A hanyar dawowa iska ta taso daga yamma tana dukanmu a fuska, igiyar ruwa ta fara ɗan tashi. Sai na lura filafili yana juyawa a hannuna ban sani ba, in na soka shi a ruwa sai ya yanka ta gefe ya wuce fiu, saura ƙiris in kifa har sau biyu. A karo na biyun ne na ce bari in taɓa madaukin siket ɗin nan da ke rufe bakin kayak, wanda za ka ja ka fita in ka kifa, don in tabbatar yana waje. Ɗan'uwa ina ganin madaukin da idona, na ɗora hannu a kai, na ce wa yatsuna ku kama, suka ƙi. Kamar hannun wani ne aka ɗaura min. Nan fa cikina ya ɗuri ruwa, na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, na tuna mahaifiyata da ko sanin ina shiga ruwa ba ta yi ba, na ce yanzu in na kifa a nan me za a je a ce mata, ɗanki ya tafi karatu ya mutu a wasan kwalekwale? Jagora kuwa yana can gaba da nisa yana hira da wasu biyu da suka iya, ko waiwaye babu. Kuma duk da haka ban yi ihu ba fa. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da kaina, ina tsoron mutuwa amma na fi tsoron a ce na kasa.

Wata dattijuwa ce a cikinmu, ta kai shekara sittin, ita ta lura tuƙina ya canza. Ta matso ta haɗa kwalekwalenta da nawa ta riƙe, ta ce in nuna mata hannuna, ta ce in haɗa babban yatsa da ɗan ƙaramin. Na kasa. Ta sa na cusa hannuwan a hammata ta ƙarƙashin rigar ceto, ta buɗe flas ta riƙa ba ni shayi a baki kamar yaro, sannan ta cire nata fogin ta ɗaura a filafilina, ita ta sa safar da ta ajiye a jaka. Allah ya saka mata, ko sunanta na biyu ban sani ba.

Da muka iso gaɓa na kasa zuge zif in ɗauko makullin mota, sai wani ne ya ciro min. Sannan jini ya fara dawowa. Kai! Na taɓa karaya a ƙafa a wajen ƙwallo, wallahi bai kai wannan zugin ba, na durƙusa a kan tsakuwa ina jin amai, hawaye na zuba, ƙato da ni. Shi kuma mutumin nan ya zo ya tsaya a kaina ya ce ai da ka faɗa. Da na faɗa! Ba ni na nuna maka safar tun da safe ba? Ban ce masa komai ba don bakina ma rawa yake, amma har yau in na bi hanyar A82 na hango kwanar Luss sai raina ya ɓaci. Na rubuta masa saƙo daga baya, bai amsa ba. Na bar shi da Allah.

To abin da na koya. Ka nemi fogi, in za ka bincika a shago ko intanet ka rubuta pogies. Wata 'yar jaka ce da ake naɗewa a jikin sandar filafili a manne, kai kuma ka zura hannu ciki ka kama sandar da fatarka kai tsaye. Ni da na fara gani na raina shi, na ce abin da ruwa ke shiga ta ƙasa me zai tsinana, ashe babban mai kashe hannu iska ce a kan jiƙaƙƙiyar fata, in ka tare iskar hannu da kansa yake ɗumama ɗan ɗakin. Akwai na niyofirin, robar nan ta kayan masu nutso, akwai na leda mai gashi-gashi a ciki. Ka zaɓi mai faɗin baki wanda ke tsayawa a buɗe, don hannu na biyu shi ne matsala, na farko ɗayan zai taimaka masa ya shiga, na biyun kuwa in bakin ya lanƙwashe sai ka ja da haƙori, ni har yau da haƙori nake ja.

Amma fogi a jikin filafili yake zama, ka gane? Ranar da ka kifa ko ka saki filafili hannunka tsirara ne a ruwan da bai wuce digiri 5 ko 6 ba, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki wajen sau 25 fiye da iska. Akwai wani farfesa da ya koyar a jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, shi ya yaɗa lissafin nan na 1-10-1, minti ɗaya ka shawo kan numfashinka, wajen minti goma hannu da ƙafa suna maka aiki, wajen awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da kai. Minti goman nan nake ji, ni da ko faɗawa ruwan ban yi ba hannuna ya tafi. Shi ya sa in sanyi ya yi tsanani nake sa siririyar safar niyofirin mai milimita 2 a cikin fogin, wata busasshiya kuma tana jakar da ruwa ba ya shiga.

Safar da ka ce ka saya, ina zargin ko mai kauri ce irin ta masu nutso, milimita 5. Na yi wannan kuskuren bayan abin da ya faru, na je na sayi mafi kauri a shagon don haushi. Sai ka matse sanda da ƙarfi kafin ka ji ta, damtse ya gaji, matsewar kuma ta hana jini zuwa yatsu, ka koma gidan jiya. In safa ta matse ka ko kaɗan ba taka ba ce. Kuma wadda yatsu huɗu ke zama tare a ɗaki ɗaya ta fi mai raba yatsu ɗumi. Wasu tsofaffin kulob ma safar wanke-wanke ta roba suke ɗorawa a kan siririyar ta ulu, na gwada, tana yi har sai ruwa ya shiga ta sama, daga nan kuma sai addu'a.

Af, ka duba robar wuyan hannun rigarka ta shiga ruwa. In sabuwa ce tana iya shaƙe hannu, ka cire ka ga ta bar maka zobe a fata, wannan ma kaɗai ya isa. Ana ɗaura ta a jikin kwalba ta kwana ta ɗan saki. Sannan ka saki riƙon nan, hannun da ke sama yana turawa ba ya buƙatar damƙa, buɗe yatsun a kowane bugu ka motsa su. Da 'yan zobban roba da ke kusa da bakin filafili masu tare ruwa, ka ga suna nan kuwa? Na haya sau da yawa babu.

Wani abin da dattijuwar nan ta faɗa min a mota, in ƙirji da kai suka ji sanyi jiki yana janye jini daga yatsu ya kai ciki, don haka wani lokacin maganin hannu hula ce da ƙarin riga. Ban da auduga ko kaɗan, singiletin nan namu na gida in ya jiƙe da gumi ya zama maƙiyi. Ka ci abinci sosai kafin ka fita. Ni ranar shayi da biredi yanka biyu kawai na sha don mun yi sammako, wannan ma laifina ne ba na mutumin ba, ko da yake shi ya kamata ya tambaya. Yanzu flas ɗina da citta da kanumfari, da dabino a aljihun rigar ceto. In kana shan sigari ka sani tana tsuke jijiyoyin jini, ba wa'azi nake ba.

Kuma kar ka shiga ruwa da hannu mai sanyi. Ɗaure kwalekwale a kan mota da sauke shi yana cinye ɗumin tun kafin a fara, ka yi wannan da safar aiki daban. Ni alwala ma a gida nake yi da ruwan ɗumi in riƙe ta, don na taɓa yi a bakin tafki saboda azahar da la'asar a hunturun nan kusan a manne suke, hannun bai dawo ba har muka tashi. 'Yan ƙunshin ɗumama hannu da ake sayarwa, masu garin ƙarfe a ciki, iska suke buƙata, in sun jiƙe sun mutu, ka bar su a jaka sai an fito.

In kun fito kar ka manna hannu a hitar mota ko ka sa a ruwan zafi, fatar da ba ta ji za ta ƙone ba ka sani ba, kuma kar ka murza. Hammata ko ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. In kuma ka ga yatsun suna yin fari fat ko toka-toka ko a sanyin da bai kai ya kawo ba, a fatarmu a farce da tafin hannu ake fi gani, ka je wa likita, akwai ciwon da ake kira Raynaud. Kuma don Allah ka san jininka? In kana da sikila sanyi yana tayar da ciwon, wannan ba maganar fogi ba ce, sai ka yi magana da likitanka kafin ka sake shiga.

Gwajin nan na babban yatsa da ƙarami nake yi duk bayan ɗan lokaci, in ya fara wuya sai in ɗaga murya in ce a tsaya, ko wa zai ji haushi ya ji. Ba ka faɗi garin da kake ba, in kana kusa da Gilasgo ina da tsohon fogi ɗaya, mannensa ya ɗan saki amma yana aiki, ka min magana ta inbox ka karɓa. Kuma ka gaya min sandar filafilinka ta alminiyom ce ko ta faiba.