An kama ni ina sane a cikin wasa, yanzu duk gari ya juya mini baya

Tambayoyin wannan makon sun karkata ga wasannin kwamfuta, musamman irin waɗanda mutum ke zama wani a cikinsu, ya yi rayuwa, ya yi ciniki, ya yi suna ko ya ɓata shi. Na zaɓi huɗu. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin mai ita yana gab da zubar da aikin awa 30 ba dalili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga Kingdom Come: Deliverance a kwamfutar cinya, na yi kusan awa 30 a ciki. A garin Rattay na gwada zare jakar kuɗin wani ɗan kasuwa, ya juyo ya gan ni, ya kwarma ihu. Na ruga, dogari ya tare ni, na naushe shi na tsere daji. Yanzu kaya sun yi mini tsada, wasu ba sa ko amsa mini magana, kuma da na doso ƙofar gari dogarai sun taso mini. Ajiyar wasan (save) da nake da ita ta baya ta kai awa 6. In goge in sake daga farko ne? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka goge komai, kuma kada ka koma waccan ajiyar ta awa 6. Abin da ya same ka yana gyaruwa daga inda kake tsaye, kuma gyaran nasa yana cikin abin da ya sa wasan nan ya yi daɗi.

Kamfanin Warhorse Studios na birnin Prague ne ya fitar da wasan a watan Fabrairun 2018. Labarin yana faruwa a ƙasar Bohemiya a shekarar 1403, kai kuma kana buga Henry, ɗan maƙeri daga ƙauyen Skalitz. Da gangan suka yi shi ba kowa ba: ba sarauta, ba dukiya, ko karatu bai iya ba a farko. Irin wannan mutum ba shi da jarin da ya wuce yadda mutane ke kallonsa. Shi ya sa wasan ke riƙe da lissafin mutuncinka gari-gari, kuma a cikin gari ɗaya ma yana rarrabewa tsakanin talakawa da 'yan kasuwa da masu ɗamara. Mutanen Rattay ne suka san abin da ka aikata. A Uzhitz ko Sasau ko Talmberg har yanzu ana iya yi maka sannu da zuwa.

Matsala biyu ce a kanka, kuma kana haɗa su wuri ɗaya. Akwai laifin da ba a hukunta ba, wato sanen da dukan dogarin. Akwai kuma zubewar mutunci. Ba za ka iya taɓa ta biyu ba sai ka kashe ta farko, domin muddin ana nemanka, duk shigarka gari faɗa ne, kuma kowane faɗa ƙarin laifi ne. A gaskiya naushin nan ya fi sanen tsada.

Kafin ka miƙa kanka, ka rabu da kayan sata. Buɗe jakarka, duk abin da ka ga alamar jan hannu a jikinsa na sata ne, kuma dogari zai ƙwace shi in ya caje ka. Ka bi ta bakin kogi zuwa gidan niƙan Peshek da ke ƙasan Rattay, inda kake da gado da akwati. Zuba su a akwatin. Peshek da kansa yana sayen kayan sata ba tare da tambaya ba, haka ma sauran masu niƙa biyu, Woyzeck da Simon. Abin da ba ka so ka sayar, bar shi a akwati. Bayan kwanaki alamar tana gogewa, na mai araha ya fi saurin gogewa a kan na mai tsada irin sulke ko takobi.

Daga nan ka wanke jikinka, ka sa tufafi masu kyau, ka mayar da takobi kube, ka doshi ƙofar gari da rana tsaka. In dogari ya zaro makami, danna miƙa wuya, kada ka kare ko sara ɗaya. Zai ba ka zaɓi: ka biya tara, ko ka shiga kurkuku, ko ka gwada lallashinsa da baki ko kwarjini ko barazana. Wanda ya doki dogari, da wuya zaƙin baki ya fitar da shi sai in ya yi nisa sosai a iya magana. In aljihunka zai ɗauka, biya tarar. Kurkuku ba ta cin kuɗi, amma tana cin abu biyu: za ka fito da rauni a ƙarfi da kuzari na wani lokaci, kuma kwanakin da kake kulle duniya ba ta jiranka. Wasu ayyuka a wasan nan suna da wa'adi, in ka makara sai ka tarar an yi ba kai. Saboda haka duba littafin ayyukanka kafin ka amince da ɗauri. (Ga masu farawa: kada a kulle ku a Skalitz a farkon wasa. Ana kai wa ƙauyen hari kuna ciki, wasan ya ƙare nan take.)

To, yanzu an daina nemanka, saura kallon banza. Nan ne haƙuri ke aiki. Hanyar da na fi ganin amfaninta ita ce ta kasuwa. Je wurin mahauci ko mai burodi ko mai sayar da kayan masarufi a dandalin Rattay, ɗauki abu mai araha, ka shiga tayi, amma maimakon ka ja farashi ƙasa sai ka tura shi sama, ka bar masa 'yan groshen, wato kuɗin cikin wasan, a kai. Zai yi maka godiya, kuma ra'ayinsa a kanka ya ɗan ɗaga. Gobe ka koma, ka yi wa na kusa da shi ma. Kada ka zauna kana kallon lambar mutunci bayan kowane ciniki, ba ta tashi a take. Ka ba ta kwanaki. Ka ba mabarata sadaka, cikinsu akwai mutanen ƙauyenku da suka yi gudun hijira zuwa Rattay. Ka karɓi ƙananan ayyukan da mutanen gari ke bayarwa ka kammala su. In labari ya kai ka inda Kyaftin Bernard ke tura ka tarwatsa sansanonin 'yan fashi, ka yi su, suna kawo kuɗin da za ka mayar da tarar da ka biya.

A wannan tsakanin ka kiyaye ƙananan dokoki, domin mai tabo ba a yi masa uzuri. Da dare ka riƙe sandar wuta a cikin gari. Kada ka shiga ɗakin mutane ba izini, kada ka yi yawo da takobi a zare, kada ka bari jini ya bushe a rigarka. In dogari ya ce zai caje ka, bar shi ya caje.

Idan kuma har yanzu kana son Henry ya iya sane, je ka koya a inda babu hukunci. Peshek yana koyarwa, a jikinsa ma za ka gwada. Yadda abin yake, kana laɓawa bayan mutum ka danne maɓalli, lamba tana hawa, wannan lambar ita ce daƙiƙun da za ka samu a cikin aljihunsa. Launi yana nuna haɗari: da ya fara barin kore, saki. Da aljihun ya buɗe sai ka zaɓi abu ka koma kan alamar ƙofa kafin lokaci ya ƙare. Kuskuren yawancin mutane kwaɗayi ne, su tsaya lalube har lokaci ya cinye su. Ka fara da mai barci, da tufafi masu duhu marasa ƙara, ba ɗan kasuwa a tsakiyar kasuwa da sulke yana ƙarar gwangwani a jikinka ba. Kuma kafin ka gwada, ka yi ajiya: ko ka kwana a gadonka, ko Henry ya sha abin nan da ake kira Saviour Schnapps, wanda shansa ke ajiye wasan.

Wanda ke buga kashi na biyu na Kingdom Come, da ya fito a Fabrairun 2025, ya sani hukunci ya fi zafi a can. Akwai ɗaure mutum a dandali jama'a na kallo, akwai bulala, akwai lalas da ƙarfe mai zafi ga mai babban laifi.

Tambaya: Malam, ni a wasan Skyrim ne. Na sa hannu a aljihun wata mata a garin Whiterun, wasan ya nuna mini kashi 90 cikin 100 zan yi nasara, amma aka kama ni. Yanzu dogarai suna sara na. (Daga wani mai karatu a Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, naka mai sauƙi ne. Kashi 90 shi ne iyakar abin da Skyrim ke bayarwa a sane komai ƙwarewarka, don haka kowane gwaji akwai ragowar 10 da ke jiranka. Wasan, wanda Bethesda ta fitar a ranar 11 ga Nuwamban 2011, ya kasa ƙasar gida 9, kowace da lissafin tararta daban. Sanen da aka kama zinari 25 ne kacal. Dukan mutum 40 ne, kisa 1000. Suna saranka ne don ka gudu ko ka zare makami. Mayar da makamin, ka tsaya cik, dogari zai zo ya yi magana.

In ka biya tara za a ƙwace duk kayan satar da ke jikinka, saboda haka in ka sayi gidan Breezehome, fara kai su can. Kada ka zuba su a gangar kan titi, irin waɗannan wasan yana sabunta abin da ke cikinsu, kayanka su ɓace. In ka zaɓi kurkuku, kwanta a gadon, kwanakin su wuce; ba ya wuce kwana 7, kuma abin da za ka rasa shi ne ci gaban da ka tara zuwa mataki na gaba a wasu fannoni, ba matakin da ka riga ka taka ba. Idan sarkin Whiterun ya riga ya naɗa ka sarautar Thane, kana iya faɗa wa dogarin haka ya ƙyale ka, amma sau ɗaya ake cin wannan alfarmar, kada ka ƙona ta a kan zinari 25. Da ka biya, dogarai sun manta. Wanda ka yi wa sata ne wani lokaci ke turo maka 'yan daba a hanya, za ka ga takardar kwangilar a jikin ɗayansu.

A kwamfuta akwai umarnin da ke goge tarar. Danna maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta player.setcrimegold 0 000267EA, wannan lambar ta Whiterun ce. Ni ina ajiye wannan ne don ranar da wasa ya rikice, dogarai suka ƙi karɓar tara suka ci gaba da sara. Nan gaba, danna F5 ka yi ajiya kafin ka sa hannu, F9 ka koma ajiyar in ta ɓaci.

Tambaya: Bayan an kama ni na so in koma ajiyar baya, ana cikin lodawa aka ɗauke wuta. Yanzu wasan ya ƙi buɗe ajiyar ƙarshe. Kwamfutar tebur ce. (Daga wata mai karatu a Kaduna)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ya taɓa cin ɗan yayata, ya zauna gaban allo ya kusa kuka, kuma abin da ya cece shi zai iya cetonki. Fayil yakan lalace ne in wuta ta yanke lokacin da ake rubuta shi, kuma yawanci ɗaya ne ke lalacewa, ba duka ba. Ki shiga jerin ajiya a cikin wasan, ki tsallake ta sama, ki gwada ta biyu da ta uku. Ba ki faɗi wasan ba, don haka ga wuraren biyu. Na Skyrim yana cikin Documents, sai My Games, sai foldar Skyrim, sai Saves. Na Kingdom Come yana cikin foldar Saved Games ta mai amfani da kwamfutar, ƙarƙashin kingdomcome. Kafin ki taɓa komai, ki kwafe foldar gaba ɗaya zuwa filash. Daga nan ki fitar da fayil mafi sabon kwanan wata zuwa wani wuri, ki sake kunna wasan. In ta Steam, manhajar saye da buga wasanni, kike bugawa, ki lura da tambayar da zai yi miki a kan wace ajiya za a riƙe, ta kwamfuta ko ta intanet. Duba kwanan wata da lokaci kafin ki danna, don zaɓin kuskure yana shafe mai kyau. Kwamfutar tebur a inda wuta ba ta da tabbas tana buƙatar ƙaramar UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ko da mai riƙe minti 10 ce.

Tambaya: Na ga wani shafi yana ba da Kingdom Come na Android kyauta, har da kuɗi marar iyaka da cikakken mutunci. In sauke? (Daga wani matashi a Kano)

Amsa: Kada ka sauke. Wasan ya fito a kwamfuta da PlayStation da Xbox, daga baya aka kai shi Nintendo Switch a 2024. Ba a yi na Android ba. Fayil ɗin da ke ɗauke da sunansa wani abu ne daban aka lulluɓe, kuma irinsu sukan nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin sirri na banki ke shigowa. In ka riga ka girka shi, cire shi yanzu, ka shiga saitin waya ka duba manhajojin da ke da izinin saƙo da na sarrafa allo, ka kunna binciken Play Protect, mai gano manhajoji masu cutarwa, sannan ka canja kalmar sirrin imel da ta manhajar bankinka daga wata wayar daban.