Amsa Ga Mai Tambaya Kan Rufe Gadar Masu Tafiya Da Ƙafa

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki cewa an rufe gadar da kuke bi da ƙafa a kan kogi, an bar ku da makarantar yara da asibiti a ɗaya tsallaken, kuma kina neman sanin ta inda za ku fara, sai na ji kamar labarina ake ba ni. Mu ma haka muka wayi gari muka tarar an gicciya ƙarfe a bakin tamu, an ɗaure da sarƙa da kwaɗo, an liƙa takardar da ba ta faɗi ranar buɗewa ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne daren da numfashin mahaifiyata ya sarƙe. Saboda ruɗewa na manta an rufe gadar, muka tallafo ta ni da ƙanena har bakin kogi, sai hannuna ya taɓa sarƙar nan mai sanyi. Ina hango fitilun asibitin a kan ruwa, tafiyar da ba ta wuce minti 10 ba, tana riƙe da rigata tana neman iska, amma dole muka koma da baya neman mota, muka zagaya ta gadar motoci, muka kwashe fiye da awa ɗaya. Allah ya yi da sauran kwananta, sai dai har yau idan na ji ƙarar sarƙa gabana faɗuwa yake yi. Bayan kwana biyu na je wurin jami'in da lamarin ke hannunsa, na zayyana masa duk abin da ya faru, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce ana kan nazari. Sau uku ina komawa, amsar ba ta canza ba, kuma wannan rashin kulawar ya fi mini ciwo a kan rufewar kanta.

Duk da haka, ina roƙonki kada ku bari matasa su karya kwaɗon. Tsatsa tana cin ƙarfe ta ciki, ambaliya kuma tana zaizaye ƙasar gindin ginshiƙai a ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya kaiwa. A Morbi ta ƙasar Indiya, gadar masu tafiya da ƙafa ta rufta ranar 30 ga Oktoba, 2022, kwanaki kaɗan bayan an sake buɗe ta, mutum fiye da 130 suka rasu. Abin da ya kamata ku nema a rubuce shi ne rahoton injiniyan da ya duba gadar, da ranar fara gyara, da hanyar wucin gadi kafin a gama. Ku kuma tambaya ko za a iya tokare ta a riƙa barin mutane kaɗan-kaɗan su wuce. A Landan an hana masu tafiya da ƙafa bin gadar Hammersmith a Agustan 2020 saboda tsagewar da ta ƙaru a jikin ƙarfenta, aka sake buɗe musu a Yulin 2021 alhali ba a yarda motoci su bi ba.

Kuskurenmu shi ne kowa ya riƙa zuwa shi kaɗai. Ku haɗa kai, ku ƙidaya ɗaliban da ke tsallakawa, da marasa lafiya, da masu sana'ar da cinikinsu ya mutu a bakin gadar, ku sa shugaban makaranta da ma'aikatan asibiti su sa hannu a takardar kokenku. Idan an fara fito da kwale-kwale, kada yaro ya shiga ba rigar kariya, kuma ku hana lodin da ya wuce kima, musamman idan ruwa ya cika.

Ki kuma riƙa leƙa tsofaffin unguwarku. Akwai wata maƙwabciyarmu da kullum da yamma take tsallakawa wurin jikokinta, tun da aka rufe gadar ta daina fita ko ƙofar gida, kuma sai da aka yi makonni kafin waninmu ya lura.