Ɗana yana fita kurkuku yana komawa, ta ina zan kama?

Tambaya: Ni uwa ce a Makka, wajen Shari'ul Mansur. Ɗana ɗan ƙasa ne, shekararsa 27. Sau uku ana ɗaure shi kan sata, kuma ƙwayar shabu (methamphetamine) yake sha. Ya kusa fitowa. Shin irinsu suna shiryuwa kuwa?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Suna shiryuwa, sai dai ɗauri kaɗai bai cika shiryar da su ba.

Masu nazarin laifuka sun daɗe da lura cewa tsiraru ne ke tafka yawancin ɓarna. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 1972 kan samarin birnin Filadelfiya ya gano cewa kusan kashi 6 cikin ɗari ne suka aikata fiye da rabin laifukan. Irin wannan ne ya sa Ingila, daga 2004, ta fara ware waɗanda suka saba komawa, ta haɗa ɗan sanda da jami'in sa ido da likitan ƙwaya da mai samar da muhalli a kan mutum guda. Dalilin a fili yake. Yaro ya fito ba aiki, jiki na neman ƙwaya, tsofaffin abokai na jiransa a bakin layi. Asibiti zai iya wanke jininsa, amma ba zai ba shi sana'a ba. Mai ba shi aiki kuma bai san ya daina zuwa ganin likita ba. A wannan tsakanin ake rasa yara, yawanci cikin makonnin farko.

A nan Saudiyya hukumomin suna nan. Akwai kwamitin Tarahum mai kula da fursunoni da waɗanda aka sallama da iyalansu, akwai cibiyoyin Irada, waɗanda da ake kira asibitocin Amal, masu maganin shaye-shaye, gidajen yari kuma suna koyar da sana'a da haddar Alƙur'ani. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne mutum ɗaya da zai riƙe zaren duka, kuma a ganina sau da yawa gida ne ke cike wannan gurbi.

Don haka kada ki jira ranar sallama. Tun yanzu ki nemi jami'in jin daɗin jama'a na gidan yarin, ki je reshen Tarahum, a sa masa ranar ganin likita a makon da zai fito. Kawunsa ko yayansa ya je ɗaukarsa, ya canza masa layin waya tun a mota, a kuma samo masa abin yi ko da tsaron shago ne.

In ya sake sha, kada kunyar maƙwabta ta sa ki rufa. Sashe na 42 na dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2005 ya ce ba a gurfanar da mai shaye-shayen da ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, muddin an miƙa abin da ke hannunsa. Wannan bai shafi laifin sata ba. 'Yan'uwanmu baƙi masu igama (takardar izinin zama) su ma su lura sosai: hukuncin ƙwaya yakan ƙare da tarhil, wato kora daga ƙasa, saboda haka gara a kai yaro asibiti kafin a kama shi.