Ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan tsohon tari da tabon aikin kaba

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka tun bayan sallar isha'i, na ajiye wayar na sake ɗauka ya fi sau uku, domin abin da ka rubuta kamar daga bakina ya fito shekara tara da suka wuce. Ka ce ka yi tarin tibi shekara biyu baya, ka shanye maganin wata shida aka sallame ka, kuma an taɓa yi maka aikin kaba kana yaro. Kana son sanin ko waɗannan za su hana a ɗauke ka soja, sannan wasu sun ba ka shawarar ka yi shiru idan likita ya tambaye ka. Wannan shawarar ce ta hana ni barci, saboda ita na bi.

Ni ma a asibitin tibi na Saye da ke Zariya na karɓi maganina, kyauta, ban tsallake ko kwana ɗaya ba har watannin shida suka cika. Na warke sarai, na koma gudu kowace asuba daga Tudun Wada zuwa Kofar Doka in dawo, ba tari, ba haki. Da aka buɗe ɗaukar kurata na cike fom, sunana ya fito cikin waɗanda za a tantance, sai wani mutum a unguwarmu, wanda mahaifina yake girmamawa ƙwarai, ya ce yana da hanya. Ya zo har zaurenmu, ya zauna a kan tabarmar mahaifina, ya sha furar gidanmu, ya ce a kawo naira dubu tamanin zai ga likitocin, ni kuma kada in kuskura in ambaci tari, kada ma in tafi da katin magani, wai duk wanda aka ga katin tibi a hannunsa tun daga bakin ƙofa ake korarsa. Mahaifiyata ce ta kwashi adashinta ta haɗa da kuɗin tunkiyar da take kiwo don layya. Ina tsaye ta kwance bakin zanenta ta ƙirga masa kuɗin a hannu, shi kuwa yana ta cewa ta kwantar da hankalinta, ɗanta ya riga ya sa kaki.

A wurin tantancewa na wuce awon tsawo, na wuce gudu, cikin mutum goma na farko na iso. Ranar gwajin lafiya aka ɗebi jini da fitsari, aka auna hawan jini, aka gwada ido, aka ɗauki hoton ƙirji. Washegari likita ya kira ni, ya ɗaga hoton saitin taga, ya nuna mini wani farin tabo a saman huhun dama da bakin birunsa, ya tambaye ni cikin natsuwa ko na taɓa yin tari mai tsawo. Na ce a'a. Ya sake tambaya, ya ƙara da cewa idan na taɓa shan magani in nuna masa takarda. Na sake cewa a'a, alhali katin nan yana Zariya a ƙasan akwatin mahaifiyata, da sa hannun ma'aikacin lafiya da sakamakon gwajin da ya nuna na warke. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya yi rubutu, ya ce in tafi. Da yamma aka kira sunaye aka ce mu ɗauki jakunkunanmu. Har yau ina jin nauyin jakar nan a kafaɗata, ina kuma tuna yadda na sauka a Kwangila da daddare na kasa hawan abin hawa zuwa gida, na zauna a bakin wani shago har aka rufe, don ban san da wace fuska zan kalli mahaifiyata ba. Mutumin nan kuwa da muka je wurinsa cewa ya yi ƙaddara ce, kuɗi kuma sun riga sun shiga hannun manya. Ko kwabo bai mayar ba, kuma har gobe muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a yana miƙo mini hannu. Na sha yi wa kaina nasiha in yafe masa, amma duk sanda na tuna bakin zanen nan sai zuciyata ta ƙi.

Ban ga laifin likitan ba ko kaɗan. Tibi yakan bar tabo a huhu ko bayan an warke, kuma hoto kaɗai ba ya iya rarrabe tsohon tabo da ciwon da yake ci yanzu. Sai an haɗa da tarihin magani da gwajin majina. Mutumin da za a kai Daffo, wurin horar da kuratan soja a Zariya, ya kwana ɗaki ɗaya da kurata masu yawa har kusan wata shida, yana gudu da kaya a baya, ba za a karɓe shi da tabon da ba shi da bayani ba, domin ta iska cutar take yaɗuwa. Ni da bakina na hana likitan bayanin da yake nema. Ba na ce maka takarda za ta sa dole a ɗauke ka ba, hukunci na likitocin soja ne, kuma masu neman gurbin sun ninka gurbin, saboda haka ƙaramin dalili ma yana iya sa a ajiye mutum. Amma wanda ya zo da katinsa da sabon sakamako yana da abin faɗa, ni kuwa na tsaya a gabansa hannu biyu babu komai sai ƙarya.

Don haka ka nemo katin nan tun yanzu, ka yi masa kwafi. Ka je asibitin koyarwa na Shika ko ka koma inda ka karɓi magani, a yi maka sabon hoton ƙirji da gwajin majina, ka roƙi likita ya rubuta maka bayani a takarda mai hatimi. Ka gaya masa gaskiyar abin da kake nema, ka tambaye shi ko huhunka zai ɗauki irin wannan horo, domin akwai wanda tabonsa ɗan ƙarami ne, akwai kuma wanda ciwon ya ci masa wuri mai yawa bai sani ba sai ranar da aka matsa masa.

Maganar kaba kuwa, ba ta ma ɓoyuwa, tunda tuɓe ka za a yi, a sa ka yi tari likita yana taɓa wurin. Abin da ake tsoro shi ne kabar da ba a gyara ba ko wadda ta dawo, saboda ɗaukar nauyi yana iya sa hanji ya maƙale, kuma wannan aikin gaggawa ne. Wadda aka yi wa aiki tun yarinta ta warke lafiya daban take, sai dai a nan ma ka samu likitan tiyata ya duba ka kafin ranar.

Tunda za ka asibitin, ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B da na rukunin jini na sikila gaba ɗaya. Wanda muka kwana kusa da juna a wurin tantancewa, ƙato ne daga wajen Giwa, bai taɓa kwanciya asibiti ba, amma jininsa ya nuna ciwon hanta, tare muka ɗauki jaka. Cutar tana iya zama shekaru a jiki ba alama. Idan naka ya fito babu, ka karɓi allurar rigakafinta, sau uku ake yi. Idan kuma ya fito akwai, kada ka saurari masu sayar da jiƙo a bakin tasha da suke cewa za su wanke jini cikin mako biyu, domin hantar da take fama za su ƙara wa wahala. Haka wanda yake da asma ko farfaɗiya ya ɓoye, ba likita ya cuta ba. A fili cikin rana, nesa da iyayensa, abin zai tashi.

Kuma don Allah kada ka ba kowa kuɗi. Rundunar da kanta tana sanarwa duk lokacin ɗauka cewa kyauta ne. Ka kula da shekarunka ma, tunda daga 18 zuwa 22 ne ga wanda ba shi da sana'a, 26 ga mai sana'a. Ni ina da 22 a lokacin, kafin in gane kuskurena ƙofar ta rufe. Yanzu ɗinki nake yi a Sabon Gari, alhamdu lillahi ina ci da iyalina, amma duk ranar da aka yaye kurata, iyaye suka cika gari da motoci daga jihohi daban-daban, ba na iya zaman shago, gida nake komawa.

Ba ka faɗi shekarunka ba a tambayar, kuma ba ka ce ko katin yana hannunka ba. Idan ya ɓace, ka koma wurin da ka karɓi maganin, suna ajiye rajistar duk wanda suka yi wa magani, za a iya nemo lambarka. Ka je a wannan makon, kada ka bari sai an fitar da sunaye, sannan ka dawo ka gaya mana abin da hoton ya nuna. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka samu abin da ni ban samu ba.