Baba yana jin murya amma ba ya gane magana

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Shara Mansur, Makka. Babanmu ya haura saba'in, ya yi shekaru yana aikin gini a Jidda. Yanzu in muka yi masa magana sai ya ce muna cin magana. Amma ko ƙofa aka buga yana ji. Ƙannena sun ce ganin dama ne kawai yake yi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ce wa ƙannenki su daina ɗaukar alhakin tsoho.

Sauti karkarwar iska ce, ana ƙirga ta da sau nawa take kaɗawa a sakan guda. Kunnen yaro lafiyayye yana kama daga 20 har 20,000. Kaurin muryar namiji yana wajen 85 zuwa 180, ta mace 165 zuwa 255. Wasula, wato a, e, i, o, u, ƙarfinsu yana ƙasa-ƙasa, kuma su ne masu amo. Baƙaƙe irin su s, sh, ts da f kuwa siraran sautuka ne marasa ƙarfi, yawancinsu daga 2,000 zuwa 8,000. Matsalar ita ce su ke bambance kalma da kalma.

Ki faɗi "fata", ki faɗi "sata". Wasulansu ɗaya, tsayinsu ɗaya, hawa da saukar muryar ma ɗaya. Baƙin farko kaɗai ya raba su. In kunne ya daina kama shi, abin da zai isa ga Baba shi ne "ata", sai ya yi ta laluben ma'ana. Karin sautin Hausa a kaurin murya yake, shi ya sa yake jin ana magana sarai, har ya san ke ce ba ƙanwarki ba, amma kalmomin sun zo masa ba kai.

A can cikin kunne akwai wani abu nannaɗe kamar dodon-koɗi, cike da ƙananan gasu masu kama sauti. Na bakin ƙofarsa su ke kula da siraran sautuka, su ne kuma suke fara lalacewa da tsufa, kuma ba sa sake tsirowa. Ƙarar injin yankan ƙarfe da na fasa kankare tana ƙara gaggauta abin, musamman wajen 4,000. Ƙara mai ƙarfin desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa takwas kullum ta isa ta yi ɓarna.

Abin da nake yawan gani a gidaje shi ne a koma yi wa tsoho tsawa. Ihu wasula yake kumburawa, s da f suna nan yadda suke, sai ya ji kamar faɗa ake masa. Ki kashe talabijin, ki rage mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ki zauna gabansa inda haske ke kan fuskarki don ya ga leɓɓanki, ki yi magana a tsanake. In bai gane ba, sauya kalmar maimakon maimaita ta.

Ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Za a fara duba ko dauɗa ce ta toshe, sannan a auna jinsa daga 250 zuwa 8,000. In an rubuta masa samma'a, wato na'urar taimaka wa ji da ake sa wa a kunne, a saita ta bisa wannan awon, don ta ɗaga siraran sautukan da ya rasa. Wadda ake saya haka kawai a kanti komai take ƙarawa, har ƙugin mota, ƙarshenta a aljihun jallabiya. In kuwa wata rana ji ya ɗauke masa farat ɗaya a kunne guda, ranar za ku tafi asibiti, kada ku bari ya kwana.