Tambayi Likita: Zubar Jini Bayan Haihuwa da Jijjigar Masu Ciki

Tambaya: Likita, maiɗakina ta haihu sau biyar a gida lafiya lau. Yanzu tana ɗauke da ciki na shida, a wurin awo aka ce lallai ta haihu a asibiti saboda gudun zubar jini. Wadda ta saba, me kuma zai same ta?

Amsa: Malam, ka bi maganar masu awo, yawan haihuwar ne ma ya sa suka faɗi haka. Idan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, takan bar hanyoyin jini a buɗe, kuma abin da ke toshe su shi ne mahaifar ta tsuke ta yi tauri. Mahaifar da ta sha ɗaukar ciki takan saki, ta ƙi tsukewa, jini ya yi ta kwarara. Guntun mabiyiya da ya maƙale ko yagewar gaba ma suna jawo haka. Zubar jini ita ce kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, tana iya ɗauke mace cikin awa biyu.

Ma'aunin haɗari shi ne mililita 500, wato rabin lita, cikin awa 24. A gida ba mai aunawa, sai a lura: ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, gudaji manya, jiri, gumi mai sanyi. Kada a ce jinin biƙi ne zai tsaya da kansa.

A asibiti ana yin allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke, cikin minti ɗaya da faɗowar jariri. In jini ya ɓalle, a murza mara, a ba da maganin tiranekzamik mai tsayar da jini kafin a cika awa uku da haihuwa, a yi ƙarin ruwa ko na jini. Tun yanzu ta riƙa shan maganin ƙarin jini kullum, don mai ƙarancin jini ba ta jure ko ƙaramar zuba. Kai kuma ka san rukunin jininta, ka tanadi masu bayarwa da abin hawa kafin naƙuda.

Tambaya: Cikina wata bakwai, fuskata da hannuwana sun kumbura, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Shin laulayi ne?

Amsa: 'Yar'uwa, yau ɗin nan ki je a yi miki awon hawan jini da na fitsari. Hawan jinin da ya kai 140/90 bayan ciki ya yi mako 20, tare da furotin a fitsari, shi ke kai mace ga jijjiga. Gani dishi-dishi da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama alamu ne cewa abin ya matso. Allurar magnesiyam salfet tana hana jijjigar, amma a asibiti kaɗai ake yin ta. Ki shaida wa mutanen gida: in kin fara jijjiga, su kwantar da ke a gefen hagu, kada su cusa miki cokali ko su ɗura miki ruwa, su garzaya da ke asibiti. Ciwon yana iya tasowa ko bayan an sauka, don haka a ci gaba da auna jinin a kwanakin jego.